Kafin ka sayi makarin kebul: ta inda tsawa ke bi ta kashe rauta da suwic

Akwai wata irin ɓarna da duk mai gyaran kayan sadarwa yake ganewa tun kafin ya kwance na'ura. An kwana ana ruwa da tsawa, gari ya waye, rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, tana kunne, fitilunta na ƙiftawa kamar ba abin da ya faru, amma rami ɗaya cikin ramukan kebul ya mutu murus. In ka bi kebul ɗin da ke wannan ramin har ƙarshensa, sai ka tarar abin da ke can ma ya tafi: kyamarar da ke kan katanga, ko na'urar wayfay da ke kan rufi, ko kwamfutar da ke ɗaya ginin. Mai kaya yana ta al'ajabi, don ya kashe kuɗi ya sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke ta, ya sa soket mai kariya, ga su nan kuma lafiyarsu ƙalau. Ta wayar wuta ya yi tsammanin bala'in, shi kuwa ta kebul ɗin sadarwa ya shigo.

Ba sai tsawa ta faɗa wa gininka ba. Matsakaiciyar tsawa tana ɗauke da abin da ya kai amfiya 30,000, kuma cikin ƙasa da ƙiftawar ido take sauke shi. In ta sauka a kusa, abu biyu ke faruwa. Na farko, duk wata doguwar wayar tagulla da ke kewayen wurin sai ta koma kamar eriya, ta ɗebi wutar da ba a aiko mata ba. Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, ƙasar da ke kusa da inda tsawar ta sauka ƙarfin wutarta yakan haura na ƙasar da ke nesa. Gini biyu masu tazarar mita hamsin suna iya samun bambancin dubban bolt a wannan ɗan lokacin, kuma in kebul ɗinka ne kaɗai ya haɗa su, ta cikinsa bambancin zai nemi hanya. Ban da tsawa, manyan injina masu kunnuwa da mutuwa, da kebul ɗin da aka ɗaure shi tare da wayar wuta tsawon mitoci, suna jefa ƙananan bugu waɗanda ba sa kashe na'ura nan take, sai dai su yi ta cin ta a hankali.

Ramin kebul ba tsirara yake ba. Ƙa'idar IEEE 802.3, wadda ake ƙera kayan Ethernet, wato sadarwar kwamfuta ta kebul, a kanta, ta wajabta a raba kebul da cikin na'ura da katanga mai jure bolt 1,500, galibi ƙaramar taransifoma ce. Shi ya sa kebul ɗin da ya tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan a cikin gini ɗaya yake shekaru ba a ji kansa ba. Amma da zarar ya fita waje, bolt 1,500 ba su taka kara sun karya ba.

Makari ba ya haɗiye wuta, karkatar da ita yake yi

In akwai abu ɗaya da nake so mai saye ya riƙe, wannan ne. Makarin kebul, wato 'yar na'urar da ake sa wa a tsakiyar layi, ba rumbu ba ce da wuta za ta shiga ta ɓace. Aikinta ta buɗe wa bugun wata hanya mai sauƙi zuwa ƙasa kafin ya isa ga na'urarka. Idan babu wannan hanyar, ko kuma hanyar ta yi tsawo, to kuɗinka ka zubar. Na sha tarar da makari mai tsada a manne a bango, an cusa kebul ta nan ya fita ta can, amma koriyar wayar da ya kamata a haɗa da atin, wato mahaɗin da ke kai wuta cikin ƙasa, tana reto a iska. Raina yana ɓaci in na ga haka, domin mai wurin yana barci da sakankancewar ya kare kayansa.

Tsawon wayar atin ɗin ma magana ce babba. Bugun tsawa yana tashi da sauri ƙwarai, kuma ga wuta mai irin wannan sauri, kowace mita ɗaya ta waya tana iya ƙara abin da ya kai bolt 1,000 a kan abin da makari ya bari ya wuce. Ke nan makarin da aka rubuta zai tsayar da bugu a bolt 600, in aka ja masa wayar atin ta mita uku mai lanƙwashe-lanƙwashe, na'urarka za ta sha dubbai. Wayar ta zama gajera, mai kauri, miƙaƙƙiya, ba a naɗe ta kamar gammo ba. Sannan a haɗa ta da atin ɗin da na'urorin suke amfani da shi. Masu kafa wa makari sandar atin tasa daban, can gefe, ba tare da sun haɗa ta da ta gini ba, da hannunsu suke ƙirƙirar bambancin da muka ambata.

Saboda haka tun kafin ka duba kowane kwali, ka tsaya inda kebul ya shigo gini ka tambayi kanka: ina atin mafi kusa, kuma mai kyau ne? Idan amsar babu, kuɗin farko na mai gyaran wuta ne, ba na makari ba.

Abin da ke cikin cikinsa

Sunaye uku za ka yi ta gani a takardar bayani. GDT ɗan kwano ne rufaffe mai iskar gas a ciki; in wuta ta haura wani mataki sai gas ɗin ya kama, ya zama hanya, ya kwashe dubban amfiya zuwa ƙasa. Ƙarfinsa ke nan, ga shi kuma ba ya dagula saƙon da ke bi ta kebul. Rauninsa shi ne nawa: kafin ya farka, kan bugun ya riga ya wuce. TVS kuwa dayod ne mai zafin nama, yana datse wuta nan take kuma a daidai mataki, sai dai ba shi da ƙashin ɗaukar babban kaya, bugu mai nauyi yana ƙone shi. Na uku MOV, shi ne ke cikin yawancin soket masu kariya. A wayar wuta yana aiki sosai, amma a layin sadarwa mai sauri yana shaƙe saƙo, kuma kowane bugu yana rage masa kwana.

Makarin da ya amsa sunansa a layin sadarwa yakan haɗa biyun farko: GDT a gaba ya tari babban kaya, TVS a baya ya share abin da ya tsallake. Irin wannan yana da gaba da baya, za ka ga an rubuta ɓangaren da ke kallon waje da ɓangaren da ke kallon na'ura. In aka juya shi, ƙaramin ne zai tari abin da aka tanadar wa babban.

Zaɓin da ke gabanka

Mafi arha shi ne wanda wataƙila ka riga ka mallaka: ramuka biyu na RJ45, irin waɗanda ake cusa kebul ɗin sadarwa, da ke bayan wasu UPS da soket masu kariya. Ba na raina su gaba ɗaya, domin suna da wata fa'ida ta gaske, wato kariyar wuta da ta kebul suna kan atin ɗaya a wuri ɗaya. Amma da yawansu, musamman tsofaffi, an yi su ne don gudun megabit 100, wanda wayoyi huɗu kawai yake amfani da su cikin takwas. Gigabit yana bukatar duka takwas ɗin. Sai ka ga mutum ya bi ta wannan ramin, gudun layinsa ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin goma, yana ta zargin kamfanin intanet. Kuma da wuya masu ƙera su su faɗi yawan amfiyar da ramin zai iya ɗauka. Ga kebul na cikin gida, ba laifi. Ga wanda ya fito daga kan rufi, ban yarda da shi shi kaɗai ba.

Na biyu shi ne makari mai zaman kansa na layi ɗaya, ɗan akwati mai rami biyu da kusar atin. Nan ne yawancin masu saye za su tsaya, kuma nan ne aka fi cakuɗa nagari da na banza, don haka zan daɗe a kansa.

Fara da gudu. A tabbata an rubuta gigabit, ko abin da ya fi haka in layinka ya fi, kuma an ce wayoyi takwas ɗin duka yake karewa. Daga nan sai batun PoE, wato tura wutar da na'ura za ta ci ta cikin kebul ɗin sadarwa, kamar yadda ake yi wa kyamarori da na'urorin wayfay. Ƙa'idar farko, 802.3af ta 2003, tana ba da wat 15.4, ta 2009, 802.3at, ta kai wat 30. Ta 2018, 802.3bt, ta kai har wat 90 kuma tana amfani da wayoyi takwas ɗin gaba ɗaya. Dukansu wutar tana iya kaiwa bolt 57. Makarin da aka yi don saƙo zalla, wanda yake datsewa a 'yan bolt ƙalilan, in ka sa shi a layin PoE zai ɗauki wutar kyamarar a matsayin bugu ya yi ta zubar da ita, kyamara ta ƙi tashi ko shi ya ƙone. Akasin haka ma akwai: wasu na'urorin rediyo masu haɗa intanet ta iska suna cin bolt 24 ne ba bisa waccan ƙa'ida ba, to a duba ko makarin ya dace da su. Kada ka wadatu da ganin haruffan PoE a kwali, nemi lambar ƙa'idar da yawan wat.

Sai lambobi uku da kamfanin kirki ba ya ɓoyewa. Uc shi ne iyakar wutar da makari zai bari ta yi ta wucewa kullum ba tare da ya motsa ba. A layin PoE dole ya kai bolt 57 ko ya ɗan haura. Up shi ne abin da zai tsallake ya isa ga na'ura lokacin bugu, kuma ƙanƙantarsa ita ce alheri. Ta uku, wadda ake rubutawa "In", ita ce yawan amfiyar da zai iya karkatarwa sau da yawa bai mutu ba, ana auna shi da bugun gwaji da ake kira 8/20. A nan akwai wayon 'yan kasuwa: wani zai rubuta kiloamfiya 10 da manyan haruffa, ka duba ƙasa ka ga jimillar wayoyi takwas ce, ba ta kowace waya ba. Ka gwama jimilla da jimilla, ta waya da ta waya. In gininka yana da sandar kama tsawa, ko na'urar tana kan dogon turke a fili, nemi wanda aka gwada da bugun 10/350, wanda ya fi kama da tsawa ta kai tsaye kuma ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da ta shafi makaran layin sadarwa ita ce IEC 61643-21, a Amurka kuma UL 497B. Kwalin da bai ambaci ko ɗaya ba, sai yawan jul kawai yake taƙama da shi, ni ajiye shi nake yi. Lissafin jul na soket ɗin wuta ne, a nan ba ya gaya maka komai.

Wanda za a kafa a waje ya zama mai jure ruwa da ƙura, lambar da ke nuna hakan ta zama IP65 ko sama. Na fi son mai gangar jikin ƙarfe, domin jikin kansa yana zama hanyar atin kuma yana haɗuwa da rigar kebul mai sulke. Kuma guda biyu ake saye wa layin da ya fita waje: ɗaya a gindin na'urar da ke waje, ɗaya a daidai inda kebul ya huda bango ya shigo. Guda ɗaya yana kare gefensa ne kawai.

Na uku shi ne faranti mai ramuka da yawa da ake ɗaurawa a cikin akwatin suwic, wato na'urar da kebul da yawa suke haɗuwa a jikinta. Ga mai kyamarori goma sha shida ko fiye, ya fi tarin ƙananan akwatuna tsafta, atin ɗinsa ɗaya ne mai kauri. Abin tambaya kawai: in rami ɗaya ya ƙone, ana iya sauya shi shi kaɗai, ko sai an jefar da farantin duka?

Na huɗu ba makari ba ne, marabi ne. Maimakon ya karkatar da wuta zuwa ƙasa, sai ya gina katanga mafi tsayi, taransifoma mai jure bolt 4,000 ko fiye. An fi saninsa a kayan asibiti. Ba ya bukatar atin, wannan kuwa babbar fa'ida ce a inda atin ba shi da tabbas. Amma yawancinsu ba sa barin PoE ya wuce, kuma in bugu ya fi ƙarfin katangar, tsallakewa zai yi.

Tsakanin gini biyu, fiba

Duk abin da na faɗa a sama rage ɓarna ne. Abu ɗaya ne yake kawar da matsalar daga tushe, shi ne a cire tagulla daga hanya. Kebul ɗin fiba zaren gilashi ne, haske ke bi ta cikinsa, wuta ba ta da abin kamawa. Bambancin da ke tsakanin ƙasar wannan gini da ta wancan ya kai duk inda zai kai, ba ruwan layin.

Mutane suna jin tsoron fiba saboda suna ganin sai ƙwararre mai injin haɗi. Yanzu ana sayar da shi a yanke, da kawunansa a haɗe, ka zaɓi tsawon da kake so ka ja shi a cikin bututu. Abin da za ka ƙara shi ne 'yar na'urar da ke juya saƙon tagulla zuwa haske a kowane gefe, ko kuma in suwic ɗinka yana da ramin SFP, sai ka sayi ɗan kan da ake cusawa a ciki. Ga ƙarin riba: kebul ɗin tagulla iyakarsa mita 100, fiba mai faɗin ciki yana kai gigabit har mita 550, mai siririn ciki kuwa kilomitoci yake tafiya. In ka lissafa kuɗin makari biyu nagari, da kebul mai jure rana da ruwa, da gyaran atin a gefe biyu, da suwic ɗin da za ka sake saye in an yi rashin sa'a, sau da yawa za ka ga tazarar kuɗin ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Sai dai a kula da abu uku. Wani fiban yana da sulken ƙarfe don ɓera da nauyin ƙasa. Wannan sulken tagulla ce ta dawo ta wata siga, dole a haɗa shi da atin a bakin gini, ko kuma tun farko a sayi wanda babu ƙarfe a jikinsa ko kaɗan. Na biyu, fiba ba ya ɗaukar wuta, don haka kyamara tilo a kan turke ba za ta ci daga gare shi ba, sai an kai mata wuta ta wata hanya. Na uku, na'urorin juyin da ke gefe biyu da wutar soket suke aiki, su ma suna bukatar kariya ta wannan ɓangaren.

Haɗa gini biyu da rediyo shi ma yana raba su ta fuskar wuta, kuma yana da amfani in ba damar haƙa. Amma rediyon yana sama a fili, kebul ɗin PoE na saukowa daga gare shi zuwa cikin ɗaki. Ka rabu da doguwar waya ɗaya, ka samu gajeru biyu masu kallon sama, kowace tana neman makarinta.

Sauran wayoyin da ke shigowa

Layin tarho da ke kawo DSL, wato intanet ta wayar tarho, yana ɗauke da kimanin bolt 48 a zaune, in ana kira kuma ya haura zuwa wajen 90, don haka makarinsa daban ne, kuma a tabbata an ce ya dace da irin DSL ɗinka don kada ya rage gudu. Kebul mai zagaye na talabijin da modam om 75 ne, na eriyar rediyo galibi om 50. Ba a musanya su. A duba iyakar firikwensin saƙo da makarin ke bari ya wuce, in kuma na tauraron ɗan'adam ne, sai wanda ke barin bolt 13 da 18 da ake aika wa kan dish su wuce. Layin RS-485, wanda na'urorin masana'antu ke aika wa juna saƙo ta cikinsa, mai iya tafiyar mita 1,200, shi ya fi kowa shan wahala saboda tsawonsa, kuma saƙonsa a ƙananan bolt yake, don haka makarin Ethernet ba zai yi masa ba ko da kan ya shiga.

Abin da ke haɗa su duka: na'urar da waya biyu ke shigarta, kamar modam mai wayar wuta da layin waje, in aka kare ɗaya aka bar ɗaya, ita kanta ce za ta zama gadar da bugun zai bi. A kare su tare, a kan atin ɗaya, kusa da juna.

To wa zai sayi me? Mai rauta da kwamfutoci a gini ɗaya, ba kebul ɗin da ya leƙa waje, ya kare wayar wuta da layin da kamfanin intanet ya shigo da shi, ya bar sauran. Mai kyamara ko wayfay a jikin bango ko kan rufi, makari biyu masu PoE a kowane layi, da kebul mai sulke na waje. Mai gini biyu, fiba, ko da tazarar ba ta fi mita ashirin ba. In kuwa tsawa ta faɗa wa turken kai tsaye, babu ɗan akwatin da zai ceci abin da ke kansa. Wannan aikin tsarin kama tsawa ne na gini gaba ɗaya, wanda ƙa'idar IEC 62305 ta yi bayani.

Bayan ka kafa, ka shiga shafin suwic ko na kwamfuta ka ga ko layin yana kan gudun da yake a da, domin makari mara kyau a dogon kebul yakan sa gigabit ya koma ɗari. Yawancin makaran kebul ba su da fitilar da ke nuna sun mutu. Wani in ya ƙone sai layi ya yanke, ka gane nan take; wani kuwa saƙo zai ci gaba da wucewa alhali babu sauran kariya a cikinsa. Bayan kowace babbar tsawa da ta sauka kusa, ka buɗe ka duba baƙin ƙuna ko warin ƙonewa, ka taɓa kusar atin ka ji ko ta saki ko ta yi tsatsa. Tun ranar saye ka ƙara guda ɗaya ka ajiye, don ranar da ka cire wanda ya ƙone kada ka haɗa kebul ɗin kai tsaye da niyyar sai an samu wani.